Abin Da Ambaliya Takan Bari A Zuciyar Yaro

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba ya sa jiki zafi, ba ya kumbura, ba a kuwa ganinsa a gwajin jini, amma yakan hana yaro karatu da barci da zaman lafiya da mutane. Muna nufin ciwon da ke kama zuciyar yaro da halinsa, har mai fara'a ya koma shiru-shiru, mai ladabi kuwa ya kangare. Tun da yake a ƙasar Hadejia muke zaune, daga bakin kogi za mu fara.

Duk wanda ya zauna a nan ya san ruwa abokin zamanmu ne. Da shi ake noman shinkafa da alkama, daga cikinsa ake fid da kifin da ake lodi zuwa Kudu. Amma shi ɗin ne dai ya shigo gidaje a 2012, ya komo a 2018 da 2020, sa'an nan ya yi ɓarnar da ta fi duka a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma ba su bukatar a tuna musu. A cikin garin Hadejia kuwa samari sun yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Masana sun sha faɗin dalili: tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, gudun kogin ya sake, yashi yana cike hanyarsa, kacalla kuma ta toshe rassansa, sai ruwa ya nemi inda zai bi.

Sa'ad da ruwa ya janye akan zo da takarda a yi lissafi. Ɗaki nawa ya faɗi, gona nawa ta nutse, akuya nawa ta tafi. Ba a taɓa buɗe shafi domin yaron da ya ga bangon ɗakinsu ya rufta da tsakar dare ba. Mu malamai ne mukan ga wannan lissafi, bayan an buɗe makaranta. Ɗan shekara bakwai da ya daɗe da barin fitsarin kwance sai ya koma. Yarinya ta riƙe zanen uwarta, ko rijiya ba ta yarda a tafi a bar ta ba. Hadari ya haɗo gabas, sai ka ga wani ya kasa zama a benci, idonsa na kan taga. Ƙanana kuwa sukan gina ɗaki da taɓo, su kwara masa ruwa ya rushe, su sāke ginawa, su sāke rushewa, har yamma. Kada a hana su wannan wasa, gama da shi suke faɗin abin da bakinsu bai iya faɗi ba.

Sai mu yi saurin kwantar da hankalinku. Yawancin yaran nan sukan koma daidai cikin 'yan makonni, idan an sami wurin kwana da abinci, aka kuma koma makaranta. Firgita bayan masifa ba ciwo ba ne, halin ɗan adam ne. Abin tambaya shi ne, me ya sa a gida ɗaya, ruwa ɗaya, wannan ya warware, ɗan'uwansa kuwa abin ya zauna masa har ya zama ciwo?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wani ciwo na tunani ko na hali. Ta kuma ce wajen rabin irin waɗannan cututtuka sukan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Watau babban da muke gani yana yawo a tasha ba riga, da wanda ya rufe kansa a ɗaki ya daina sana'a, da yawansu abin ya soma ne tun suna zaune a gabanmu da allo da littafi.

Masu tsaron jinga sun san ba ta fashewa rana ɗaya. Akwai wurin da tun farko ba a daɓe shi da kyau ba, ɓera ya yi rami a wani wurin, ruwa yana tsatsafowa kwana da kwanaki ba wanda ya kula, ranar da kogi ya kawo sai ta ɓalle ta nan. Haka abin yake ga yaro. Akwai abin da ya zo da shi daga ciki. Kowace uwa ta san wani jariri ko ƙofa aka buga sai ya zabura, wani kuwa ko ganga ake kaɗawa barcinsa yake yi. Wasu cututtukan kuma suna bin jini, kamar yadda ciwon sukari ke bi. Amma gado ba hukunci ba ne. Yana nuna wurin da jinga take da rauni ne kawai.

Sa'an nan akwai abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa kanta, wannan kuwa ya shafe mu ƙwarai a ƙasar fadama, inda sauro ba ya hutu. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, yaro ya yi ta jijjiga har ya suma, yakan bar tabo ko bayan an warke. Likitoci a Uganda da Malawi sun bi sawun irin waɗannan yara, suka tarar waɗansunsu sun koma marasa natsuwa, masu saurin fushi da duka, abin da ba halinsu ba ne a dā. Tamowa a shekara biyu na fari ita ma tana rage wa ƙwaƙwalwa ƙarfi. Haka nan wahalar haihuwa, da sanƙarau, da gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta bar waɗansu da naƙasa. Bari mu ɗan ratse mu gaya wa kakanni mata: wani kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai dutsen dalma ne aka niƙa. Idon jariri ba ya bukatarsa.

Amma abin da ya fi nauyi, wanda kuma yake hannunmu, shi ne gida. A ran 26 ga Fabrairu 1972 wata madatsa ta ɓalle a kwarin Buffalo Creek a Amurka, ruwa ya kashe mutum 125, ya bar dubbai ba gida. Bayan shekara biyu masana suka duba yaran wurin, suka sami wajen ɗaya cikin uku har yanzu yana fama da razanar ranar. Da suka bincika ko su wane ne abin ya fi kamawa, sai suka ga ba yawan ruwan da yaro ya gani kaɗai ba ne. Halin da iyayensa suka shiga yana da babban rabo. Gidan da ya cika da ƙunci da faɗa da ɓacin rai bayan ambaliya, yaransa ne suka fi jin jiki. Tun kafin wannan, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen renon yara a London, sun lura cewa ƙananan yara sun fi jure ƙarar bom suna kusa da uwa mai natsuwa, a kan a raba su da ita a kai su wurin da ba bom.

Wannan magana kamar domin mu aka yi ta. Gama a wurinmu ambaliya biyu ce. Ta fari takan yi mako biyu ko uku ta wuce. Ta biyu ita ce bashin taki da na iri wanda shinkafar da ta nutse za ta biya, da maigida da ya tafi cin rani Kano ko Legas, da uwa da ke kwana tana lissafin mudu, da mutum goma a ɗakin da dā na huɗu ne. A cikin wannan ta biyu ne ake cire yaro daga makaranta a tura shi korar jan-baki a gonar wani, a ɗora wa yarinya talla, a rarraba sauran ga dangi. Masifa ɗaya yaro yakan ɗauke ta. Idan suka jeru, wannan na bin wannan, ba hutu a tsakani, a nan ne jinga take ɓallewa.

Ba mu ce riƙo mugun abu ne ba. Da yawa daga cikinmu a hannun gwaggo ko kaka muka tashi, ba mu kuwa rasa kome ba. Abin da ke cutar da yaro shi ne a riƙa juya shi kamar kwarya a gidan biki, wata uku nan, wata biyar can, ba wanda zai ce nawa ne. Da kuma a ɗauke shi da dare ba a gaya masa kome ba, ya farka ya ga baƙon ɗaki. Yaro ɗan shekara huɗu idan ba a ba shi dalili ba, shi zai ƙaga wa kansa, dalilin da yakan ƙaga kuwa shi ne, "Ni na yi laifi, shi ya sa aka rabu da ni." In dole ce ta sa, a zaunar da shi a gaya masa inda za shi, da wurin wa, da ranar da za a zo duba shi, a kuwa cika alkawarin.

Yanzu sai mu zo kan ƙiriniya da taurin kai, gama a kansu ne iyaye suka fi zuwa wurinmu. "Malam, ga shi nan, ka zane shi, ni ya fi ƙarfina." Wani masani a Amurka, Gerald Patterson, ya yi shekaru shi da mutanensa suna shiga gidaje suna zaune suna rubuta abin da ke gudana tsakanin iyaye da yara masu rashin ji, ya fitar da littafinsa a 1982. Abin da ya gani kowa zai gane shi. Uwa ta ce, "Tashi ka ɗebo ruwa." Yaro ya yi kamar bai ji ba. Ta ɗaga murya, ya ɗaga tasa. Ta yi zagi, ya faɗi ƙasa yana birgima. Ga tuwo a wuta, ga goyo yana kuka, sai ta ce, "Ƙyale shi," ta aiki ƙanwarsa. A ranar yaro ya koyi darasi: in na ƙara ƙarfin ihu, za a rabu da ni. Gobe uwa ta zo da tsumagiya tun daga farko, ya tashi da gudu, ita ma ta koyi nata darasi: ba ya ji sai da duka. Daga nan kowa yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta. Tsumagiya ta zama bulala, bulala ta zama wayar lantarki, fatar yaro ta saba, zuciyarsa ta bushe. Ranar da ya yi abin kirki kuwa ba wanda ya tanka, domin kowa yana hutawa da shi.

Irin wannan yaro yakan iso makaranta ba abin da ya iya sai gardama. Yara su guje shi, karatu ya wuce shi, malami ya mai da shi bayan aji. Kafin ya kai shekara 13 ya sami waɗanda suka karɓe shi, watau irinsa, a tasha ko a bayan kasuwa. Mukan ce abokai ne suka lalata shi. Gaskiya ne sun ƙarasa aikin, amma ba su suka fara ba. Ba mu ce a bar horo ba, yaron da ba a kwaɓa shi ma yana cikin hatsari. Horon da ke gyara shi ne ƙarami wanda ba ya fashi, wanda yaro ya san da shi tun kafin ya yi laifin, wanda uwa da uba suka yi baki ɗaya a kansa, ba wanda ya dangana ga yawan fushin da aka kwaso daga gona ba. Mun kuma gani a aji sau da dama, "Madalla, yau ka zauna har aka tashi," yakan yi aikin da bulala goma ba ta yi ba. Akwai kuma yaron da rashin natsuwarsa daga ƙwaƙwalwa ne, ba ya iya tsai da hankali wuri ɗaya ko yana so. Akwai wanda kunnensa ne ba ya ji sosai bayan ciwon kunne, ana ta dukansa a kan raini.

Mai ƙiriniya dai ko ba kome ana ganinsa. Wadda muke jin tsoro dominta ita ce mai shiru. Sau da yawa mace ce, ta fara zama budurwa. Ba ta faɗa da kowa, tana aikinta, har ana yabonta da kunya. Amma abinci ya ragu, barci ya ƙaurace, ta bar ƙawaye, ta bar ƙungiyar waƙa da take so, kullum ciwon kai da ciwon ciki, an sha magani har an gaji, awo bai nuna kome ba. Yaranmu ba su saba cewa "Raina a ɓace yake" ba, al'ada ba ta ba su wannan baki ba, sai jiki ya faɗa a madadinsu. Idan irin wannan ya wuce mako biyu, ciwon damuwa ne ake zato, yana kuwa da magani. Wani lokaci kuma akwai abin da wani babba ya yi mata wanda aka tsorata ta kada ta faɗa. In yaro ko yarinya ya ce, "Gara in mutu in huta," kada a ce neman magana ne. A zauna a tambaye shi a hankali, tambaya ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magungunan feshi da na ƙwari da ke ɗakin ajiya, a kai shi asibiti a ranar.

Samari kuwa sukan nemo wa kansu magani. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na kodin kowace rana a Kano da Jigawa, a Mayun 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken da aka yi a ƙasa duka a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka taɓa ƙwaya ko wiwi ko makamantansu a cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. A fadama abin yakan shigo ta ƙofar aiki. Yaro ɗan shekara 15 ya je ƙwadagon yankan shinkafa, babba ya miƙa masa tiramol domin kada ya gaji. Ya sha, ya ji gajiya ta tafi, ya kuma ji wannan nauyin da ke ƙirjinsa tun shekarar ruwa shi ma ya sauka. Wannan na biyun ne yake komar da shi. Gaban ƙwaƙwalwa, inda ake auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka abin da babba zai taɓa ya bari, yaro yakan kama shi ya riƙe.

Ba ruwa kaɗai ke barin irin wannan tabo ba. A Oktoban 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya, a kan hanyar Kano zuwa Hadejia, mutum fiye da 150 suka mutu. Ƙannensu da 'ya'yansu suna nan a azuzuwa yanzu. Mukan ɓoye wa yaro mutuwa, mu ce, "Baba ya yi tafiya." Sai ya yi ta tsaron ƙofa, ranar da ya ji gaskiya a bakin yara a waje kuma ya daina yarda da maganar manya. Gara a gaya masa da kalmomin da zai gane, a bar shi ya yi kuka, ya yi tambaya ko sau nawa ne.

Akwai maganar da ba ta da daɗi, amma sai mun yi ta. Idan halin yaro ya sake, da wuya a rasa wanda zai ce iska ce, ko sammu, ko maita. Mun ji inda aka sa yaro azumin dole, aka kewaye shi ana ihu a kansa har dare, ana ce masa ya faɗi wanda ya ba shi. Yaron da tsoro ne ciwonsa, an ƙara masa tsoro ke nan. A Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa yara, waɗansu da mari a ƙafa. Kada wani ya ce wannan na waɗansu ne: rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a ƙarshen shekarar ya sami ɗaurin sarƙa a gidajen mari, da asibitocin gwamnati, da majami'u ma. Ba wanda ya hana addu'a, muna yinta a kan mai zazzaɓi, amma ba ta hana mu kai shi a yi masa allura. Tun a 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa masu taɓin hankali sukan fi samun sauƙi idan ana yi musu magani suna zaune cikin mutane tare da danginsu. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma ba mai ciwo haƙƙin a bi da shi da mutunci.

Wani bincike yana ƙarfafa mu. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai a 1955 har suka kai shekara 40. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da gidaje masu rikici, amma a cikin waɗannan ma ɗaya cikin uku ya girma lafiya lau, mai riƙon amana da iyali. Abin da ta yi ta samu a tarihinsu shi ne wani babba guda da ya tsaya musu. Ba lalle uwa ko uba ba; wani kaka ce, wani yaya, wani malami, wani dattijon majami'a. A Ekklesiya ba mu rasa irin waɗannan ba. Zumuntar mata da ke kai hatsi gidan da ruwa ya ci, in ta ƙara da zama ta saurari uwar gidan, ta yi wa yaran aiki ba tare da ta taɓa su ba. Malamin makarantar Lahadi kuma ya riƙe sunayen waɗanda suka daina zuwa, ya bi sawu.

Wanda ya ga alamun nan sun wuce wata guda, ko suna ƙaruwa, ko sun hana yaro makaranta, sai ya fara da Babban Asibitin Hadejia, a duba jiki tukuna, gama farfaɗiya da ƙarancin jini da ciwon kunne sukan ɓuya a bayan halin da ake kuka da shi. In ana bukatar gaba, akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A tafi da wanda ya fi sanin yaron, a riƙe a ka lokacin da abin ya fara, da abin da ya faru kafinsa, da dukan abin da aka riga aka ba shi, har na gargajiya. A kuma biya ta wurin malamin ajinsa kafin a tafi, gama sau da yawa ya ga abin da ba a gani a gida ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba farfaɗiya, da abin da ya kamata a yi sa'ad da yaro ya faɗi a aji ko a bakin ruwa.